Shari'ar Maryam Sanda a Abuja: Inda Adalci Ya Tsaya da Inda Ya Karkace

Ranar 27 ga Janairu 2020, Mai Shari'a Yusuf Halilu na Babbar Kotun Birnin Tarayya ya yanke wa Maryam Sanda hukuncin kisa ta hanyar rataya, bayan ya same ta da laifin kashe mijinta, Bilyaminu Bello. Tun daga ranar mutane suka rabu gida biyu. Wasu na cewa alƙalin ya tsaurara, ga mace da ƙananan yara biyu, ga shi babu wanda ya ga lokacin da aka yi sukar. Wasu kuma na cewa yau dai an nuna wa masu hannu da shuni cewa doka ba ta san 'yar wane ba. Duka ɓangarorin sun ɗauka alƙalin yana da zaɓi a kan irin hukuncin da zai yanke, alhali ba shi da shi. Mai son auna adalcin wannan shari'a dole ya duba abin da aka yi kafin wannan rana da abin da ya biyo bayanta, domin a can ne hannun mutane ya fi shiga.

Yadda maganar ta isa kotu

Bilyaminu ya rasu da asubahin 19 ga Nuwamba 2017, bayan rikicin da suka kwana suna yi da matarsa a gidansu da ke Abuja. Ɗan gidan Haliru Bello Mohammed ne, tsohon shugaban jam'iyyar PDP na ƙasa, ita ma Maryam daga gidan da aka sani ta fito, shi ya sa tun kafin a yi jana'iza labarin ya cika gari. Cikin mako guda 'yan sanda suka gurfanar da ita a ƙarƙashin sashe na 221 na Final Kod, wato dokar hukunta laifuka ta Arewa, aka tsare ta a gidan yarin Suleja. Daga baya aka haɗa da mahaifiyarta da ɗan'uwanta da mai aikin gida, bisa zargin sun goge jini sun ɓata shaida.

A watan Maris 2018 kotu ta ba ta beli saboda juna biyu da rashin lafiya, bayan an sha ƙin ba ta a baya. A Afrilu 2019 kotun ta sallami sauran ukun, ta ce masu ƙara ba su kawo abin da zai sa a nemi su kare kansu ba, amma ita Maryam akwai tuhumar da za ta amsa. Masu gabatar da ƙara sun kira shaidu 6. Wanda shaidarsa ta fi nauyi shi ne abokin mamacin da ya shafe sa'o'i a gidan a daren, ya kuma gaya wa kotu cewa ya raba su, ya karɓe makami daga hannunta fiye da sau ɗaya kafin ya tafi. Ita kuwa Maryam ta ce faɗa ya kaure a kan abin da ta gani a wayarsa, suna cikin kokawa tukunyar shisha ta fashe, ya faɗa a kan fasassun, daga nan ya samu raunin da ya yi ajalinsa.

Hannun alƙali a ɗaure yake

Final Kod, wadda ta fara aiki a Arewa a 1960 kuma har yau ita ake bi a Birnin Tarayya, ta raba kisan kai kashi biyu. Sashe na 221 ya shafi wanda ya yi kisa da niyya, ko wanda ya san, ko yake da dalilin sanin, cewa abin da ya aikata mutuwa ce mafi rinjayen sakamakonsa. Hukuncinsa kisa ne, babu na biyu. Sashe na 222 ya jero halayen da ke sauko da laifin: tunzurawa mai tsanani ta farat ɗaya da ta gusar wa mutum da haƙuri, wuce iyaka wajen kare kai, faɗan da ya ɓarke ba shiri ba tare da an ci zalin wanda aka fi ƙarfi ba, da wasu kaɗan. Wanda ya faɗa cikin waɗannan, sashe na 224 ya ba alƙali dama ya ɗaure shi rai da rai, ko shekarun da ba su kai haka ba, ko ya ci shi tara, ko ya haɗa masa biyun.

Ma'anar wannan a aikace ita ce, da zarar alƙali ya ce laifin na sashe na 221 ne, roƙon sassaucin da lauya ke yi bayan an kama mutum da laifi ba ya sauya komai. Ƙananan yara, rashin taɓa yin laifi, nadama, kuka a gaban kotu, duk alƙali zai iya rubuta su a kundinsa amma ba zai iya rage kwana ɗaya saboda su ba. Dokar gudanar da shari'ar manyan laifuka ta 2015, wadda lauyoyi ke kira ACJA, ta ma tsara kalmomin da zai furta a sashe na 402. Togaciya biyu kawai ta yi masu muhimmanci: wanda bai kai shekara 18 ba lokacin da ya yi laifin ba a yanke masa kisa, mai ciki kuma ana jinkirta zartarwa har ta haihu ta yaye. Kotun Ƙoli ta riga ta tabbatar tun 1998, a shari'ar Onuoha Kalu, cewa hukuncin kisa bai saɓa wa kundin tsarin mulki ba.

To a nan tambayar gaskiya ta koma: me ya sa aka ajiye ta a 221 ba 224 ba? A ganina amsar tana cikin hanyar da ta zaɓa don kare kanta. Mai cewa "an tunzura ni" ko "faɗa ne ya ɓarke" ya amsa cewa hannunsa ne ya yi aikin, sassauci yake nema a kan halin da yake ciki. Mai cewa "haɗari ne" ya musanta aikin gaba ɗaya. Idan kotu ta yarda da labarin haɗari, mutum ya fita salin-alin. Idan ta ƙi, ya rage babu bayanin da ya bayar daga bakinsa game da halin zuciyarsa a wannan lokaci. Gaskiya ne doka ta wajabta wa alƙali ya duba duk wata kariya da shaidu suka nuna ko da wanda ake tuhuma bai ambace ta ba, amma shaidar cewa an shafe sa'o'i ana ɗauko makami ana karɓewa tana rushe batun "farat ɗaya", domin tana nuna akwai lokacin da zuciya za ta iya sanyi.

Kwatanta wannan da shari'ar Yewande Oyediran, lauya a Ibadan, wadda ta soki mijinta ya mutu a Fabrairu 2016. A Nuwamba 2017, watan da Bilyaminu ya rasu, Babbar Kotun Jihar Oyo ta ɗaure ta shekara 7, saboda ta ga ba a tabbatar da niyyar kisa ba. Mata biyu, miji biyu, rikicin cikin gida iri ɗaya a idon mai kallo daga waje: ɗaya shekara 7, ɗaya igiya. Mutane da yawa sun karanta wannan a matsayin bambancin Kudu da Arewa ko son rai na alƙalai. Abin da ya raba su shi ne yadda kowace kotu ta karanta niyya daga shaidun da aka ajiye mata. Aibin da ke nan na doka ne: da zarar laifi ya faɗa sashe na 221, babu wata matakala ƙasa da rataya. Ƙaramin bambanci a shaidar mutum ɗaya yana iya jefa wanda ake tuhuma daga wannan gefe zuwa wancan, kuma alƙalin da ya ga laifin ya fi na shekara 7 amma bai kai na rai ba, idan sharuɗɗan 221 sun cika, babu inda zai tsaya a tsakiya.

Binciken da aka gina hukuncin a kai

Nan ne ya kamata a daɗe, domin nan ne raunin shari'ar yake. Lauyoyin Maryam sun kafa ɗaukaka ƙararsu a kan abubuwan da babu su: babu wanda ya ga sukar da idonsa, ba a kawo makamin da aka yi kisan da shi ba, ba ta amsa laifi ba, kuma babu rahoton binciken gawa. Kotu ta dogara ne ga alamomin da suka kewaye lamarin, da kuma ƙa'idar nan da ke cewa wanda aka gani na ƙarshe tare da mamaci yana raye, wajibinsa ne ya yi bayanin da hankali zai ɗauka kan yadda ya mutu. Kotu ta auna labarin tukunyar shisha ta ƙi shi.

A doka wannan ya halatta. Kotunan Najeriya sun daɗe da tabbatar da cewa ana iya kama mutum da laifin kisa da alamomi kaɗai, muddin sun haɗu sun nuna mutum ɗaya ba tare da barin wata ƙofa ba, kuma rahoton likita ba dole ba ne idan mutum ya mutu nan take ko jim kaɗan bayan raunin da kowa ya gani. Amma halacci daban, inganci daban. Tambayar da duk shari'ar ta rataya a kai guda ɗaya ce: wuƙa ce ko fasasshen gilashi? Wannan tambaya ce da likitan binciken gawa ke amsawa cikin sa'o'i kaɗan. Sukar wuƙa tana barin baki mai santsi, zurfinta yakan fi tsawon bakinta, kuma hanyar da ta bi cikin jiki tana nuna ta inda hannu ya fito. Raunin gilashi yakan zo da baki mara daidaito, sau da yawa da ƙananan yankuna a kewaye, wani lokaci a tarar da ɓurɓushinsa a cikin nama. Yawan raunuka da wuraren da suke, da ko akwai yanka a tafin hannu ko damtse irin na mai kare kansa, duk suna bambanta faɗuwa sau ɗaya da suka da gangan.

Aikin da ake bukata a sa'o'in farko ba ɓoyayye ba ne. A killace ɗakin kafin 'yan'uwa da masu jaje su cika shi. A ɗauki hoton kowane rauni da ma'auni a gefensa, domin hoton da babu ma'auni ba ya gaya wa kotu girman komai. A tattara fasassun tukunyar ɗaya bayan ɗaya a duba wanne ke da jini, a kwashe wuƙaƙen kicin, a saka tufafin da suka jiƙe da jini cikin jakar takarda bayan sun bushe, saboda leda tana riƙe danshi ta ruɓar da jinin. A rubuta sunan duk wanda kayan suka bi ta hannunsa da lokacin, domin lauyan kariya zai tambaya, kuma giɓi ɗaya ya isa a yi watsi da kayan. A ɗauki bayanin wanda ake zargi a gaban lauyansa, da bidiyo idan akwai hali, kamar yadda ACJA ta tanada a sashe na 15 da na 17.

Abin da ke hana wannan a tsakaninmu sananne ne. Musulmi ba ya son gawarsa ta kwana, kuma iyalan da ke cikin zafin rashi ba sa son jin an ce za a yanka ɗansu. Wannan damuwa ce ta gaskiya, ba a raina ta. Amma binciken gawa aikin sa'a biyu zuwa huɗu ne, kuma a gari kamar Abuja mai manyan asibitocin gwamnati ana iya yin sa da safe a yi sallar jana'iza bayan Azahar ko La'asar. Idan an binne ba a yi ba, iyalan mamaci su ne suka fara yin asara, domin sun miƙa wa lauyan kariya hujjarsa mafi ƙarfi. Wanda ake tuhuma ma ya yi asara idan gaskiya yake faɗa, domin abin da zai wanke shi yana cikin kabari.

Sallamar mutum ukun da aka zarga da goge jini ita ma daga wannan rauni ta fito. Kotu ba ta ce ba a taɓa ɗakin ba. Ta ce ba a kawo shaidar da ta ɗora aikin a kan waɗannan mutane ba.

Abin da suna ke saya da abin da yake jawowa

Sunan gida ya yi wa Maryam amfani ta fuskoki da ake iya gani. Manyan lauyoyi sun tsaya mata tun daga farko har sama. Belin da ta samu yana cikin doka, domin sashe na 161 na ACJA ya yarda alƙalin babbar kotu ya ba da beli a laifin kisa idan akwai rashin lafiyar da likitan gwamnati ya tabbatar, ko jinkirin da ya haura shekara guda, ko wani dalili na musamman. Amma wannan sashe ba ya aiki da kansa. Sai an samu lauyan da zai rubuta takardar roƙo, ya nemo rahoton likita, ya sake shigarwa bayan an ƙi, ya sake. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a Najeriya jiran shari'a suke yi, kuma da yawansu sun cika sharaɗin shekara guda tuni, babu mai rubuta musu takardar.

Suna kuma yana saya sauri. Daga gurfanarwa zuwa hukunci shekara 2 da wata 2 aka yi, kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da hukuncin a Disamba 2020, cikin shekara guda. A Kano, shari'ar Abdulmalik Tanko da ya kashe Hanifa Abubakar ta ƙare a Yuli 2022, watanni kaɗan bayan kama shi, saboda idon duniya na kai. A nan Abuja kuwa, matasa 6 da 'yan sanda suka kashe a Yuni 2005, waɗanda aka fi sani da 'yan Apo shida, sai Maris 2017 aka yanke hukunci a kansu, kusan shekara 12. An yanke wa ƙananan jami'ai biyu kisa, an sallami uku har da mafi girman muƙami a cikinsu saboda ƙarancin shaida. Dokar da ta ce a riƙa zama kullum, kuma kada kowane ɓangare ya nemi ɗage zama fiye da sau 5, tana nan a sashe na 396 tun 2015. Wanda ake kallo ake bi masa ita.

Ta ɗaya gefen, suna ya cutar da ita. An gama yanke mata hukunci a Facebook da Twitter kafin shaida na farko ya yi rantsuwa, alhali sashe na 36(5) na kundin tsarin mulki ya ce mara laifi ce har sai an tabbatar. Babu hujjar cewa hayaniyar ta juya alƙali, kuma kotuna biyu na sama sun bi sawunsa sun amince. Zargin cewa don mace ce aka tsananta mata shi ma bai tsaya ba: a Afrilu 2025 wannan Babbar Kotun ta Birnin Tarayya ta yanke wa Peter Nwachukwu, mijin mawaƙiya Osinachi, hukuncin kisa ta hanyar rataya.

Afuwar da ta tayar da ƙura

A Oktoba 2025 fadar Shugaba Bola Tinubu ta fitar da sunayen mutum 175 da aka yi wa afuwa ko sassauci bayan zaman Majalisar Ƙoli ta Ƙasa, bisa shawarar kwamitin da Antoni Janar Lateef Fagbemi ke jagoranta. Sunan Maryam na ciki. Dalilan da aka bayar su ne roƙon iyalanta saboda 'ya'yanta biyu, kyakkyawan halinta a gidan yari, da nadama. Shugaban ƙasa ne ke da wannan iko a kanta, ba ministan Abuja ba, domin sashe na 175 na kundin tsarin mulki ya ba shi afuwa a kan laifukan dokokin tarayya, kamar yadda sashe na 212 ya ba gwamnoni a jihohinsu.

Gidan Haliru Bello Mohammed, wanda ya raini Bilyaminu, ya fito ya yi tir da matakin. Mahaifinsa na jini kuma ya fito ya ce shi ya yafe, har ma yana cikin masu nema mata sassauci saboda jikokinsa. Mai karatu Musulmi zai tuna da ƙisasi, inda waliyyan jini ke da haƙƙin su nemi a kashe, ko su karɓi diyya, ko su yafe. Final Kod ba ta san wannan ba. A wurinta kisa laifi ne ga hukuma, ba a sasanta shi, kuma yafewar uba ba ta da gurbi a gaban alƙali. Inda kawai za ta iya shiga shi ne teburin kwamitin afuwa, kuma a can babu dokar da ta ce wa za a tuntuɓa, wa ke magana da yawun iyalan mamaci, ko nawa maganarsa za ta yi nauyi. Shi ya sa aka wayi gari gida ɗaya yana magana da baki biyu a gaban 'yan jarida.

Da surutu ya yi yawa, a ƙarshen watan fadar ta sake duba jerin, ta cire wasu sunaye, ta mayar da na Maryam zuwa ɗaurin shekara 12. Sai kuma a Disamba 2025 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 4 a kan 1, ta kori ƙarar da ta ɗaukaka, ta tabbatar da hukuncin kisan, ta kuma ce kuskure ne ɓangaren zartarwa ya yi afuwa a shari'ar kisa alhali ƙarar na gabanta.

A nan ne nake ganin rashin adalcin ya fi fitowa fili, kuma ba wai don an tausaya mata ba. Tunda doka ta hana alƙali duba yara da nadama da halin mutum, dole a samu wani wuri da za a duba su, kuma afuwa ita ce wurin. Matsalar ita ce yadda ake shiga. Sama da mutum 3,000 ne ke zaman jiran kisa a gidajen yarin ƙasar nan, kuma rabon da a zartar da irin wannan hukunci tun 2016 a Jihar Edo. A cikinsu akwai masu ƙananan yara, akwai waɗanda suka fi ta daɗewa, akwai masu shaidar kyakkyawan hali daga jami'an da ke tsaronsu. Ba a wallafa ma'aunin da ya fifita wani a kan wani ba, ba a ji ta bakin duk iyalan mamaci kafin a sanar ba, kuma sauya afuwa zuwa shekara 12 cikin mako uku ya nuna ƙarfin hayaniya ne ya tsayar da adadin.

Akwai tsarin da ya kamata a bi, kuma rabinsa yana rubuce tuni. ACJA ta ce bayan hukuncin kisa alƙali ya aika kundin shari'ar tare da rahotonsa domin masu duba afuwa su gani, wato nan ne ya dace abin da ya ji a roƙon sassauci ya yi aiki. Wanda ke neman afuwa ya jira ƙararsa ta ƙare ko ya janye ta, kada ya riƙe biyun lokaci guda. Dokar hukumar gyaran hali ta 2019 kuma, a sashe na 12, ta ba babban jojin jiha ko na Birnin Tarayya ikon mayar da hukuncin kisa zuwa ɗaurin rai da rai ga wanda ya gama ɗaukaka ƙara kuma shekara 10 ta wuce ba a zartar ba. Wannan hanya ba ta bukatar sanin kowa a fadar gwamnati. Tana bukatar jami'in gidan yari ya ƙirga shekarun fursuna daidai, ya tura fayil ɗinsa, babban joji kuma ya zauna ya duba.